Idan Likita Ya Ce Ba a San Sababi Ba

Gaisuwa ga iyaye mata da malamai da ungozomai da ma'aikatan likita da suka hallara yau a nan Takeita, cibiyar ƙasar Garagumsa.

Akwai wata kalma da kan fito a takardar asibiti, mai takardar ya ninke ta ya sa aljihu ba wanda ya warware masa ita. Mutum ya ɗauko mara lafiya daga ƙauye, ya yi tafiyar kilomita 50 zuwa babban asibitin Damagaram, an ɗebi jini, an ɗauki hoto, sannan lokotoro ya rubuta sunan cutar da Faransanci, ya bi shi da idiopathique. Wanda ya nufi Kano ko Zariya kuwa ta Ingilishi zai gani, idiopathic. In aka matsa wa ma'aikaci da tambaya, a gurguje zai ce, "Ba a san abin da ya kawo ta ba." To, daga nan magana ke fara sauya kama. A tasha ta zama "likita bai gane ciwon ba". A zaure ta zama "an ce ba na asibiti ba ne". Kafin mako ya zagayo an ajiye ƙwayoyi a bayan tukunya, an shiga neman wanda ya yi sammu.

Kalmar ta Girkanci ce, gaɓa biyu aka haɗa. Idios shi ne abin da ya keɓanta da mutum, nasa na kansa. Pathos kuwa ciwo ne ko wahala. In an haɗa su sai a sami ciwo mai zaman kansa. Ɗan lakwal da ya ji farkonta zai iya tuna idiot, ya zaci zagi ne. Tushensu ɗaya, domin a tsohuwar Girka idiotes mutum ne da ba ya riƙe da wani muƙami na jama'a, daga baya ne kalmar ta koma nufin wawa. Amma takardar likita ba ta zagi kowa ba.

Abin lura shi ne, a asalinta babu rashin sani a cikinta ko kaɗan. Wanda ya fi kowa kafa ta a ilimin magani shi ne Jalinus, wanda aka haifa a shekara ta 129 a birnin Fargamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, ya kuma yi wa sarakunan Rum aikin likita. Tambayar da ta dame shi ita ce: in wata gaɓa ta jiki ta nuna ciwo, a cikinta ciwon ya tsiro, ko daga wata gaɓa ya tsallako? Kamar gobara ce. Akwai wadda ta tashi a cikin ɗaki, akwai wadda ta kamo daga dangar maƙwabci, kuma mai ɗauke da bokiti dole ya san inda zai fara watsa ruwa. Jalinus ya ba da misali da farfaɗiya. A ganinsa wata a ƙwaƙwalwa take farawa, ita ce mai zaman kanta, wata kuma daga ciki ko daga wata gaɓa take tasowa ta hau kai. Wannan ta biyun ya kira ta da kalmar da ke nufin tarayya cikin ciwo. Da Hunainu bin Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, da almajiransa suka juya littattafan Jalinus zuwa Larabci a Bagadaza, rabe-raben ya shiga hannun likitocin Musulmi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi ta aiki da shi a littafinsa Alƙanun, inda ciwon da ya tsallako daga wata gaɓa yake kiransa na musharaka.

Ma'anar ta juye ne a ƙarni na 19, lokacin da madubin likita ya fara tona asirin cututtuka ɗaya bayan ɗaya. A 1880 Alphonse Laveran, likitan sojan Faransa a Kusantina ta Aljeriya, ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jinin mara lafiya. A 1882 Robert Koch na Jamus ya nuna ƙwayar tarin fuka. Duk cutar da aka kama mai kawo ta sai a ba ta suna da shi, a fitar da ita daga jerin masu zaman kansu. Waɗanda suka rage a jerin su ne waɗanda aka bincika aka rasa. Haka kalmar ta tashi daga "ciwon da ya tsiro a nan" ta koma "ciwon da har yanzu ba a kama sababinsa ba".

Tana da ƴan'uwa. Akwai cryptogénique, wato mai ɓoyayyen asali. Akwai kuma essentielle, wadda duk mai hawan jini a ƙasar nan ya kamata ya sani, domin cikin masu wannan ciwo goma, wajen tara nasu irin wannan ne: ba ƙoda ce ta jawo shi ba, ba wani ƙari ba ne, ba a dai sami abu guda da za a nuna da yatsa ba. Amma wa zai ce likita bai san hawan jini ba? Yana auna shi da lamba, ya san ɓarnar da yake yi wa ido da ƙoda da ƙwaƙwalwa, yana kuma da ƙwayar da ke sauko da shi. Dattijo nawa ne a kasuwar garin nan ke shan ƙwayarsa kullum safe, yana harkokinsa shekara da shekaru? Sanin cuta daban, sanin sababinta daban, sanin maganinta kuma daban. Kalmar da ke kan takarda na biyun kaɗai ta taɓa.

Jerin masu zaman kansu kuma ba a kulle yake ba. Gyambon ciki ya daɗe ana ɗora shi a kan damuwa da yaji, har zuwa 1982 da Robin Warren da Barry Marshall suka gano wata ƙwayar cuta da ke zaune a tumbi, a birnin Perth na Ostireliya. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda, Marshall ya kurɓi ƙwayar da kansa a 1984, ya kamu, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Kusa da gida, a farkon 2010 yara suka yi ta suma suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. An yi zaton zazzaɓi ne ko sanƙarau, magungunansu ba su yi aiki ba. Sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta sa aka auna jinin yaran sannan aka ga dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake daka a tsakar gida. Yara wajen 400 suka rasu. Da an tsaya a kan "ba a sani ba", da adadin ya wuce haka nesa.

Yanzu sai cutar da ta sa aka ga ya dace a yi wannan magana a gaban iyaye mata, domin ba inda aka fi samunta a duniya kamar ƙasar Hausa.

Mace ta haihu lafiya, an yi suna, an ci ƙauri. Mako uku ko huɗu bayan haka sai ta fara haki in ta ɗauko tulu daga bakin ƙofa. Ƙafa ta kumbura, har in an danna yatsa a ƙwauri sai ya bar rami. Dare ya yi ba ta iya kwanciya a miƙe, sai ta jingina da bango, jariri a cinya, tana tari har asuba. Abin da ke faruwa a ƙirjinta shi ne tsokar zuciya ta saki. Ɗakin hagu na zuciya, wanda ke harba jini zuwa ga jiki, ya buɗe ya yi faɗi. Lafiyayyar zuciya kan fitar da fiye da rabin jinin da ke ɗakin a kowane bugu, tata kuwa ba ta kai kashi 45 cikin 100, wani lokaci ma 20 take iyawa. Ragowar sai ya yi baya, ruwa ya taru a huhu ya kawo haki, ya taru a ƙafafu da ciki ya kawo kumburi. Likitoci na kiran wannan ciwon zuciya na gab da haihuwa ko bayanta.

A asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ne aka fara ƙirga shi da kyau a ƙasar Hausa. Likitoci biyu, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun bi mata 224, suka buga sakamakonsu a 1978. Ƙiyasin da aka yi a Zariya ya kai mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100. A Amurka ɗaya ce cikin 1,000 zuwa 4,000, a Japan kuwa ɗaya cikin wajen 20,000. Kusan dukan matan Hausawa ne da Fulani, kuma sun fi zuwa a watannin zafi da gumi na damina. Dole aka tambaya: me matan nan ke yi da sauran matan duniya ba sa yi?

Amsar ba ta yi nisa ba, kowa a zauren nan ya san ta. Tukunya a kan murhu tun asuba, ruwa na tafasa, tsohuwa na tsoma ganye tana fyaɗa wa mai jego safe da yamma har arba'in. A wasu gidajen akwai gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Ga kunun kanwa, kwano bayan kwano, don nono ya kawo, don kuma a kori sanyi. Kanwa ba baƙuwa ba ce a nan, tun kafin zuwan Nasara fatake ke ɗauko ta daga Muniyo da Manga su bi da ita ta Damagaram zuwa Kano. Likitocin Zariya suka yi bayani mai kama hankali. Kanwa dangin gishiri ce, sinadarin da ke cikinta yana riƙe ruwa a jiki. Zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata, ya tilasta wa zuciya ƙarin aiki. A 1979 John Sanderson da abokan aikinsa suka duba wasu daga cikin irin matan nan da na'urar eko mai nuna hoton zuciya, suka tarar da yawansu zuciyarsu na bugawa da ƙarfinta, ruwa ne ya yi mata yawa. Sai aka ɗauka an gama magana. Littattafan likitanci na duniya suka rubuta cewa wankan jego da kanwa ne sababi a ƙasar Hausa, ɗalibai suka haddace.

Sai dai akwai abin da bayanin bai share ba. Kusan kowace mai jego a ƙauye tana wanka tana shan kunu, me ya sa ɗaya ke kamuwa, 99 su tashi garau? Me kuma za a ce da matan Haiti, can tsallaken tekun Atlantika, inda aka sami ɗaya cikin haihuwa 300, alhali ba su san kunun kanwa ba?

A babban asibitin Yamai, likita Arnaud Cénac da abokan aikinsa suka duba wani gefen. A 1992 suka buga cewa mata 35 masu wannan ciwo da suka auna, sinadarin seleniyam ya yi ƙaranci a jininsu in an gwada da na masu shayarwa lafiyayyu. Seleniyam daga ƙasar noma yake shiga hatsi, daga hatsi ya shiga jiki, kuma ɗan kaɗan ake bukata. Akwai dalilin zarginsa: a gundumar Keshan ta ƙasar Sin an sha fama da wani ciwon zuciya mai kashe yara da mata matasa tun 1935, sai a shekarun 1970 aka nuna cewa ba da seleniyam yana kare mutane daga gare shi. A Sakkwato, Simeon Isezuo da abokin aikinsa suka sake ƙirgawa a 2007, suka sami ɗaya cikin haihuwa 102. Wato kusan shekara 30 bayan Zariya adadin bai motsa ba.

Aikin da ya fi girgiza tsohon bayanin daga Kano ya fito, a hannun Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A 2015 ya nuna cewa wajen uku cikin huɗu na masu ciwon da ya auna suna da matsanancin ƙarancin seleniyam. Daga baya ya jagoranci wani babban bincike a asibitoci 22 na Najeriya, aka tattara mata 406 masu ciwon, aka gwada su da masu jego lafiyayyu, aka buga a 2020. A Kano an sami ɗaya cikin haihuwa 96. Abubuwan da suka bambanta masu ciwon da lafiyayyu su ne rama, rashin karatun boko, rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga. Wankan jego da kunun kanwa ba su fito a cikin masu laifi ba, domin lafiyayyun ma suna yi. Shekara 40 kakanni na shan zargi a littattafai, ashe babban kaso na laifin yana wajen talauci da yunwa da rashin awon ciki. Shi kansa seleniyam bai zama amsa ta ƙarshe ba. Da aka gwada ba wa mata shi a Kano, haki da kumburi sun yi sauƙi, amma ƙarfin bugun zuciyar bai dawo saboda shi ba.

Kada kowa ya fita daga nan ya ce an wanke kanwa. Binciken bai nuna ita ke sa tsokar zuciya ta saki ba, amma bai ce ba ta cutar da wadda zuciyarta ta riga ta saki ba. Nan ne ma haɗarin ya fi muni. Mai jego ta fara kumburi, sai uwar miji ta ce sanyi ne ya shige ta, wanka bai kama ta ba, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Da kyakkyawar niyya ake yi, amma ruwa ake ƙara wa huhun da ya riga ya cika.

A ƙasashen waje ma ana ta tono. A 2007 Denise Hilfiker-Kleiner ta birnin Hanoba a Jamus ta nuna cewa sinadarin da ke sa nono ya kawo yakan tsage a jikin wasu mata, guntunsa ya lalata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Daga nan aka fara gwada wani magani mai suna buromokiriftin, kuma gwajin farko da Karen Sliwa ta yi da mata 20 a Soweto ta Afirka ta Kudu, wanda aka buga a 2010, ya ba da ƙwarin gwiwa. Amma maganin yana ƙafar da nono. A ƙauyen da madarar gwangwani ta fi ƙarfin aljihu, ruwan sha kuma na rijiya ne, ƙafar da nono na iya ceton uwa ya jefa jariri cikin gudawa da tamowa. Wannan hukunci ne da sai likitan zuciya ya auna, ba abin saye a kasuwa ba ne. A 2016 kuma wani bincike a kan mata 172 ya gano cewa kashi 15 cikin 100 suna da tawaya ta gado a ƙwayoyin halittar da ke gina tsokar zuciya. Ga abinci, ga hawan jini, ga sinadarin nono, ga gado, kowanne ya ɗauki wani yanki, babu wanda ya ɗauke duka. Shi ya sa ma'anar da Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai ta ba cutar a 2010 ke ɗauke da kalmar idiopathique har yau.

Ma'anar nan tana da sharaɗi, kuma ma'aikatan lafiya ya shafa kai tsaye: ba a kiran ciwon da wannan suna sai an nemi wani sababi an rasa. Abubuwa da yawa na sa mai jego haki da kumburi. Akwai ƙarancin jini, wanda ya yi katutu a yankin nan saboda zazzaɓi da zubar jini wajen haihuwa. Akwai hawan jini, akwai lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta, akwai tarin fuka, ciwon ƙoda, da gudan jini da kan toshe jijiyar huhu. Kowanne da maganinsa daban. Wadda jininta ya ƙare ƙarin jini take bukata, in aka tsaya ba ta maganin zuciya kawai an ɓata mata lokaci. Saboda haka akwai tazara mai faɗi tsakanin "an bincika ba a gano ba" da "ba a bincika ba". Ƙaramin asibitin karkara da ba shi da eko ba zai iya yanke hukunci na farkon ba. Abin da zai iya, kuma ba ƙarami ba ne, shi ne ya auna hawan jini, ya duba farin ido da tafin hannu, ya saurari ƙirji, ya rubuta takardar turawa Damagaram a ranar, ya kuma yi wa dangi bayani da Hausar da ba za ta juye a hanya ba: ciwon zuciya ake zato, an san shi, yana da magani, a dakatar da kanwa, a rage gishiri.

Maganin kuwa akwai shi. Akwai ƙwayar da ke fitar da ruwa ta fitsari, mace ta sami numfashi cikin ƴan kwanaki. Akwai masu rage wa zuciya nauyi da masu daidaita bugunta, waɗanda ake sha wata da watanni ko da an ji sauƙi. Wasu daga cikinsu ba a ba mai ciki, don haka dole likita ya san halin da mace ke ciki. Wasu matan zuciyarsu na komawa daidai, wasu ba ta komawa. A cikin matan da binciken Najeriya ya ci gaba da bibiya, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu kafin shekara biyu. Wannan adadi ne na ƴan mata da matan aure masu ƙuruciya, masu goyo a baya.

Sauran magana ta maza ce. Macen da zuciyarta ba ta gama dawowa ba, wani cikin na iya zama ajalinta, kuma ko wadda ta warke ciwon na iya dawo mata. A ƙasar da ƙidayar lafiya ta 2012 ta nuna mace na haihuwar ƴaƴa fiye da bakwai a tsakaice, wannan ba ƙaramar magana ba ce a cikin gida. Mace ita kaɗai ba za ta iya tsayawa gaban miji da dangin miji ta ce a dakata ba. Maigida ne zai shiga ɗakin likita tare da ita, ya ji da kunnensa, ya yarda da tazarar haihuwa har a sake ɗaukar eko bayan wata shida a ga inda zuciyar ta tsaya.

Duk alƙaluman da aka ambata yau, na Zariya da Yamai da Sakkwato da Kano, daga rajistar asibiti suka fara, daga hannun wani ma'aikaci da ya rubuta shekarun mace, haihuwarta ta nawa, kwana nawa da sauka haki ya fara, nawa awon jininta ya nuna, ta dawo ko ba ta dawo ba. Jami'ar André Salifou ta Damagaram tana da tsangayar koyon aikin likita, ɗalibanta kuma kowace shekara suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. In rajistocin Takeita da na ƙauyukan Garagumsa suka cika da irin wannan bayani, ɗalibin da ya zo nema zai sami abin da zai ƙirga, ya gwada matan Damagaram da na Kano, ya auna geron da suke ci da ƙasar da aka noma shi.